Manhajar da Ke Gaishe da Inna

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba. Na tsinci kaina a wani asibiti inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya juya lemarsa ƙasa yana tafiya. Ban yi mamaki ba.

Aka shigar da ni ofishin wani bunsuru mai tabarau, shi ne shugaban masu tantance manhajojin waya na asibitin. Ya tauna rabin wata takarda, ya miƙo mini ragowar.

Ya ce, "Maki za ka ba manhajarmu. Kowace safiya tana tambayar majinyaci ya jiki. Mutum dubu tara, duka sun ce da sauƙi. Wa ya kai mu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenmu ko suna gargara, ka ce ya jiki, da sauƙi za su ce."

"To rubuta ta faɗi, yau mu rufe ta."

Na san manhajar sarai. Ni na saukar wa Inna, mahaifiyata, a wayarta da ciwon zuciyarta ya tsananta. Wata huɗu tana danna "Da sauƙi", ƙafafunta na kumbura, likita na can yana ganin komai lafiya lau. Har safiyar da ta rasu sai da ta danna. Takaicin abin bai bar ni ba, na zari biro.

Sai ga ni a cikin wayar. Ɗaki ne dogo, Inna na zaune a tabarma tana tsinke zogale, ganyen na komawa jikin reshe.

"Inna, me ya hana ki faɗa musu gaskiya?"

"A gaishe ni sai in hau ƙorafi? Kai ma dai."

"In na kayar da manhajar nan za a sake wata, wasu su tsira. Amma za a rufe ɗakin nan."

"To me kake jira?"

"Ita kaɗai ta rage tana kiran sunanki da safe."

Ta dube ni sosai. "Ka rame. Ya jikin naka?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta yi 'yar dariya. Wallahi na yi kewar dariyar nan. Na matsa in zauna kusa da ita, ruwan ya ɗaga tabarmar a hankali ya yi sama da ita, tana ta tsinke zogalenta. Daga ƙofa bunsurun ya ce lokaci na tafiya, ya fara cin hannun rigata.

Ƙarar waya ce ta tashe ni, ƙarfe bakwai daidai. Wayar Inna ce, wata bakwai ke nan ban bari cajinta ya ƙare ba. Manhajar ce ke gaishe ta: "Malama Tabawa, ya jiki?" Kullum ni ke amsa mata, don gobe ma a sake tambaya. Na daɗe riƙe da wayar, sannan na danna wanda ita ba ta taɓa dannawa ba: "Babu sauƙi."