Takalmin Baban Kaka

Mai Almakashi ake ce mata a gida. Kaka ce ta laƙaba mata sunan, don tun tana ƙarama ba ta ganin hoto ta ƙyale shi. Yanzu abin ya zama sana'a: takan samo tsofaffin hotunan da baƙi suka ɗauka a zamanin da, ta yanka, ta liƙa wasu abubuwa a kai, mutane su taru suna kallo suna gyaɗa kai. Kaka kuwa har gobe ɓarnar takarda take kiran aikin.

Hoton da Mai Almakashi ta fi ji da shi a baje kolin da ke tafe na mahaifin Kaka ne. Ya daɗe yana yawo a littattafai, mutum tsaye ƙafa ba takalmi, an rubuta a ƙasa wai haka talakan wurin suke. Ta ɗora masa hular zinariya, ta jera masa taurari a kafaɗa, ta kai wa Kaka kan teburin falo tana jiran yabo.

Kaka ta gyara tabarau, ta duba, ta ture. Ta ce muddin tana numfashi ba za a rataye wannan a gaban jama'a ba. Duk rashin jin yarinyar, ba za ta iya tsallake maganar tsohuwar nan ba.

"Kin ba shi hular da bai taɓa sawa ba," in ji Kaka, "kin bar min uba ba takalmi."

Ashe mutumin mai gyaran agogo ne, ɗan gayu, yana da baƙin takalmi da yake gogewa kowace safiya. Mai ɗaukar hoton ne ya ce ya tuɓe, wai zai fi kyau. Shi kuma don kunyar baƙo ya tuɓe ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa, wato Kaka, ta koma gefe inda hoton bai kai ba, ta rungume shi a ƙirji. Tun ranar abin yake ci mata rai.

Takalmin ya daɗe da ɓacewa, sai suka baje mujallu a ƙasa suna neman hoton irinsa. Kaka ta kafa tsirfa: wannan bakinsa ya cika tsini, wancan na marasa aikin yi ne. Da ƙyar aka samu wanda ya yi mata. Mai Almakashi ta ɓamɓare hular da taurarin, ta yanko takalmin a hankali, amma Kaka ta karɓe gam ɗin.

Ta liƙa masa da kanta, ƙafar hagu ta zauna a karkace. Jikar ta kai hannu za ta gyara, sai ta fasa.

Kaka ta danne takardar da babban yatsa har ta kama.

"Ungo, Baba," ta ce. "Na daɗe ina riƙe maka."