Haruffa a Kan Siminti

Makarantarmu ta Agege gidan haya ce mai ɗaki shida da aka liƙa wa suna a ƙofa. Ni nake koyar da 'yan aji shida tun rasuwar maiɗakina, don littattafaina ba sa mayar da magana. Aji ɗaya kuwa na Malama Kachollom ne, Kirista 'yar Jos, wadda Hausarta ta fi ta rabin iyayen yaran tsafta.

Ajin nata kamar kasuwar Mile 12 yake. Akwai haifaffun Legas masu zagi da Yarabanci, da 'ya'yan mutanen kudancin Kaduna da rikicin 2000 ya koro, da waɗanda motar albasa ta sauke jiya, da 'yan Nijar masu ce wa makaranta lakwal. Rabinsu ba sa buɗe baki a darasin karatu. Mu sauran malamai muka ce daƙiƙai ne, muka huta.

Ita ba ta huta ba. Ta lura masu shirun sun san haruffa, sai dai na makarantar allo. Ta riƙa zama da wata yarinya 'yar Maraɗi, Haoua, lokacin tara, yarinyar na koya mata haruffan ba da ta da jim. Ta fara rubuta kowane harafin boko a allon bango da ɗan'uwansa na ajami a gefe. Cikin wata guda Haoua ta karanta jimla a gaban aji. Har ni sai da na leƙa.

Sai aka tura Kachollom wani taron horar da malamai, aka koya mata wasa: a zana haruffa a ƙasa, malami ya kira, yaro ya yi tsalle ya dira a kai. Ita kuma ba ta son a bar kowa a baya.

Ran Litinin shirun ajinta ne ya fito da ni. Na tsaya a ƙofa. Ta cika siminti da alli, boko da ajami, har da kwalliyar ja da shuɗi. Wata ƙaramar yarinya, Victoria, tana tsaye da takalminta a kan jim, tana jiran tafi. Yaran Musulmi sun manne da bango, Haoua ta rufe baki da hannu biyu.

"Ku zo mana," in ji Kachollom. "Haoua, ba naki ba ne? Ke kika koya mini."

"Malama," na ce, "ɗauke yarinyar nan."

Na makara. Malam Bature, ɗan dako, ya kawo ɗansa a makare, ya gani ta taga. Salatin da ya saki har bakin titi an ji shi.

Ban san Agege na da marasa aikin yi da yawa haka ba. 'Yan okada suka kashe babura, mai nama ya bar teburinsa. Mutanen da ba su taɓa tambayar ko 'ya'yansu sun iya rubuta sunansu ba duk suka zama masana.

"Alƙur'ani ta sa aka taka!"

"Da gangan ne, turo ta aka yi!"

"Baba, wane Alƙur'ani?" in ji Kachollom. "Haruffa ne kawai. Malam, gaya musu!"

Na gaya musu. Wani ya ce in yi shiru, boko ya cinye ni. Na tare ƙofa da jikina, wanda bai kai a kira shi shinge ba.

Liman Jamaluddeen ya iso da carbi a hannu. Ya cire takalmi, ya bi gefen bango, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Babu aya a nan, babu sunan Allah," ya ce. "Amma da waɗannan ake rubuta su, 'yata, shi ya sa ko takarda muka gani a ƙasa muke ɗagawa. Ba wanda ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini, Baba."

"To laifin na maƙwabta ne. A kawo ruwa."

Aka wanke da tsumma, aka matse a bokiti, aka zuba a gindin mangwaro inda ƙafa ba ta bi. Taron ya watse, wasu da alamar an cuce su. Liman ya ce gobe ta dawo aikinta, hedimasta ma ya ce haka.

Ba ta dawo ba. Na same ta a gidan yayarta tana ɗaure kaya.

"An wanke ki, Malama. Yaran na tambaya."

"Malam, mai naman nan kullum a wurinsa nake saye. Yana ce mini ƙanwata. Na ga abin da ya riƙo a hannu."

Na taya ta ɗaure kayan.

Na raka ta tashar Iddo a ƙarshen Agusta 2001. Ta ce za ta koma Jos, inda mutum zai koyar da yara hankalinsa kwance. A watan da ya biyo rikici ya ɓarke a Jos. Na tambayi yayarta, na tambayi direbobin da ke zuwa daga can. Har yau ba wanda ya ba ni amsa.