Ƙeyar Ingvald

Oddrun Vikse ta tsufa tana rubuta tarihin mutane tana zana fuskokinsu da hannunta, amma ba wanda ya ba ta wuya kamar Ingvald, matuƙin jirgin ceto na tsibirin. Ya rasu da kaka, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Rubutun littafin tarihinsa ya kammala, saura zanen bangon littafin.

Da Oddrun ta je gidansa, matarsa Borghild ta dafa kofi, ta yanka cuku, ta kira ƙanensa Halvdan ya taya ta kwatance. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, fuskar mijin ta fara ɓace mata. In littafin ya fito da fuskar wani, ita za ta maye gurbin tasa a ranta.

"Hancinsa irin nawa ne," in ji Halvdan.

"Rufa wa mamaci asiri," in ji Borghild. "Naka ai sai a shanya kifi a kai."

Oddrun ta yi dariya, ta zana, ta goge, ta sake zanawa. Wannan ya yi kama da fasto, wancan da mai kanti. Kofi ya huce. Borghild ta ture takardun.

"Oddrun, gaskiya ban iya ganinsa kuma."

Oddrun ta ajiye fensir. "Bar fuskar. In kin rufe ido, me yake yi?"

"Tafiya yake. Kullum tafiya. Ina tsaye a wannan tagar, shi yana gangarawa bakin ruwa, ƙafa a gwame, hula a karkace. Ni ƙeyarsa na aura."

"Me ya sa a jikinsa?"

"Rigar ulun da na saƙa masa muna amare. Hannun hagu ya fi na dama tsawo. Ya hana in gyara, wai nan yake ɗumama yatsunsa."

Oddrun ta koma bakin taga da takardarta. Da ta gama zanen, sai ga mutum a takardar ya ba da baya, hannun riga ɗaya na lilo, teku a gabansa.

Halvdan ya leƙa. "To ina hancin?"

Borghild ba ta kula shi ba. Ta ɗora yatsa kan dogon hannun rigar, tana dariya hawaye na zuba.

"Shi ne," ta ce. "Ko sallama bai yi ba, ɗan banza."

Haka littafin ya fito.