Kunyar 'Yar Fari

Rahmatu na tsakar dakan gero a gidansu na Unguwar Kanawa sai ta ji ihu daga bakin rijiya. Hansai ce, 'yarta ta fari, ta yar da guga ta dafe gefen mara, tana birgima tana amai.

Ita kuwa Rahmatu, shekara tara da haihuwar yarinyar nan, sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar 'yar fari ce, ta riƙe ta gam har maƙwabta na yi mata tsiya. "Ke" take ce mata, in zancenta take yi ta ce "waccan". Goyo da lallashi duk na Iya ne, uwar mijinta.

"Tsutsar ciki ce," in ji Iya. "A jiƙa kanwa."

Rahmatu ta dubi gumin da ke keto wa yarinyar. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa wa surukarta ba sai yau.

"Iya, ki gafarce ni, wannan ya wuce kanwa."

Aka kira maigidan, Malam Ɗahiru akawu, daga ofis, ya nemo mota sai asibiti. Baturen likita ya duba ta, wata nas mai suna Lami ta fassara: ƙullutun ruwa ne ya fito a ƙwan mahaifarta na dama, nauyinsa ya murɗe shi, jini ya daina isa. In ba a yi aiki yanzu ba ana iya rasa ta.

Iya ta dafe ƙirji. "Wuƙa a cikin yarinya? To ta haihu da me?"

Lami ta ce, "Biyu Allah ya yi mata, Iya. Na hagu lafiyarsa lau."

Aiki ya yi kyau, amma har la'asar Hansai ba ta farka daga maganin barci ba. Iya ta yi kira har murya ta dushe. Lami ta juyo wajen Rahmatu, wadda ta rakuɓe a bakin ƙofa.

"Ke ce uwarta? Matso ki kira sunanta."

Rahmatu ta saci kallon surukarta. Nan take Iya ta juya baya, wai ita taga take kallo.

Rahmatu ta durƙusa, ta kama ɗan hannun nan da ta daɗe tana marmarin riƙewa.

"Hansai," ta ce. "Hansai, tashi."

Ta yi ta maimaitawa, hawaye na zuba. Can sai idanun suka buɗe a hankali, suka tsaya a kanta.

"Inna," in ji yarinyar, "ashe kin san sunana?"