Allura a Kan Shida

Shekara ashirin da bakwai Baba Tasta yana gyaran wuta a wata masaƙa, rana tsaka aka ce duk wanda bai ci jarrabawar takarda ba ya ajiye aiki. Mutumin da ke taɓa waya mai wuta ko gezau, shi ne aka zaunar gaban takarda da biro. Sakamako ya fito: maki biyu kacal suka kayar da shi, kuma a tambaya ɗaya suka zube.

Tambayar fa ba ta taka kara ta karya ba. Batir mai bolt sha biyu, resista biyu masu rage gudun wuta, ɗaya mai awon om shida ɗaya om uku, an haɗa su gefe da gefe, kowace da hanyarta. Wuta am nawa ke fita daga batir? Ya raba sha biyu gida shida ya samu biyu, ya raba gida uku ya samu huɗu, ya haɗa ya rubuta shida. Aka ja masa jan biro.

Abin takaicin, injiniyan da ya tsara amsoshin ƙaninsa ne, ciki ɗaya, kuma Baba Tasta ne ya koya masa riƙe filaya.

Da safe ya kinkimi batir da mita da manyan resista biyu ya dire a teburin ƙanin, kan takardu. Ya haɗa wayoyi. Allurar mita ta tashi ta tsaya cak a kan shida.

"Karanta min, injiniya. Idona ya tsufa."

Ƙanin bai ko kalli mitar ba. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Yaya, na sani. Haɗa su na yi suka zama om tara, kamar a jere suke. Sauri ne ya ja min. Tun shekaranjiya na gano."

"Tun shekaranjiya? To gyara mana."

"In na taɓa takardarka, sai an buɗe ta mutum arba'in. Manaja zai tambayi wa ya yi kuskuren. Yarana ƙanana ne, Yaya, naka sun kama ƙasa."

Baba Tasta ya dubi ƙaninsa. Da jahilci ne ya kayar da shi, da ya haɗiye ya wuce. Resistocin sun yi zafi, takardar da ke ƙarƙashinsu ta fara ƙauri. Ya zare waya, allura ta koma sifili.

Yana bakin ƙofa ƙanin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Don Allah kar Inna ta ji."

Da la'asar Baba Tasta ya tarar da mahaifiyarsu a bakin ɗakinta, tana miƙe da ƙafarta mai ciwo. Ta ga jakar kayan aiki a hannunsa, wadda bai taɓa kawowa gida ba.

"Yaya aka yi? Ƙaninka bai sa baki ba?"

Ya ajiye jakar a bayan ƙofa, ya cire takalmi.

"Ya yi iya ƙoƙarinsa, Inna. Ni ne lissafi ya fi ƙarfina."