Chili Ya Ƙare a Kinnard

Bana tun da aka fara kakar ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, ban taɓa ganin gindin tukunyata ba, kuma laifin Neto Carrasco ne. Na faɗa masa a gaban uwarsa, ya yi ta dariya kamar an yi masa cakulkuli.

Ni ce Lorene mai rumfar abinci a filin makarantar sakandaren Kinnard. Duk Juma'a da yamma nake dafa chili, wake da nama da barkono mai sa hanci zuba, kuma cinikina na hutun rabin lokaci ne da abin da ya biyo baya. To makarantarmu ƙarama ce, ba mu da yaran da za su cika sha ɗaya, saboda haka 'yan shida-shida muke bugawa kamar sauran ƙauyukan yammacin Texas. A wannan wasan akwai doka: idan aka kai hutu, ko bayan hutu, wani ɓangare ya ba ɗaya ratar maki arba'in da biyar, alƙali ya busa, kowa ya kama gabansa. 'Yan wasanmu kuwa, Zomayen Kinnard, bana ba su san wani abu wai shi zagaye na biyu ba. Kafin chili ya gama nuna sun gama da mutane.

Yaran nan sai wanda ya gani. Neto in ya rungumi ƙwallo ya zura, sai dai ka hangi lambar rigarsa. Ga Clyde Ray Mabry da muke kira Firji, shi yake buɗe masa hanya, mutum biyu yake turewa lokaci guda yana ba su haƙuri. Ga Darla Stoltz mai bugun ƙarin maki bayan an ci, yarinya shiru-shiru da ƙafa kamar ta alfadari. Tikitin sili-ɗaya-ƙwale ya riga ya shiga aljihu. Gari ya rikice gaba ɗaya: an zane gilasan shaguna da farin fenti, mai aski yana rantsuwa sai mun ɗauko kofin jiha, fasto ma ya sa hoton zomo a allon coci. Ni kaina da nake mita, da kunnuwan zomo na roba nake zuba wa mutane abinci.

Mutum ɗaya ne bai ga komai ba, Eusebio, uban Neto. A gidan gurzar auduga yake aiki, shi ke kan injin ɗaure dila, kuma lokacin kaka injin nan ba ya hutawa. Mai karɓarsa ba ya zuwa sai rana ta faɗi sosai. Duk Juma'a sai ya iso fili ana naɗe kujeru, gashinsa da girarsa fari fat da auduga. Sai ya jingina da rumfata, in cika masa kwano tunda ga shi nan jibge, ya ce, "Yaya ya yi yau, Lorene?" Ni kuma in ba shi labari ina kwaikwayon gudun da ludayi a hannu. Yana murmushi, amma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wasan da za mu yi da garin Ostrey shi ne na ƙarshe a gida, kuma Neto bana yake gama makaranta. Wasannin sili-ɗaya-ƙwale can nesa ake kai su, tafiyar da mai aikin gurza ba zai ko yi mafarkinta ba. In Eusebio bai gani a ranar nan ba, shi ke nan.

Na ce ya roƙi mai gidansu ya sake shi da wuri. Ya ce hadari na tafe, audugar mutane na jibge a waje, bakinsa ba zai iya ba. Sai na tari Koci Tidwell a gidan mai.

"Koci, ka ja wa yaran nan linzami ranar Juma'a."

"Anti Lorene, so kike in ce su daina iya wasa?"

"Cewa na yi su iya shi a hankali."

"Cin fuska ne ga 'yan Ostrey."

"Dukan da kuke wa mutane kafin hutu kuma girmamawa ce ko?"

Ya sosa ƙeya ya ce zai gani. Ban yarda da shi ba, don haka duk wanda ya zo rumfata a ranar, kafin in miƙa masa kwano sai na raɗa masa zancen. Kafin a busa, babu wanda bai sani ba a benci, har kakar Darla da kunnenta ya yi nauyi.

Aka fara. Ina dai juya tukunya na ji ihu, na ɗago, Neto ya riga ya tsallake layin ƙarshe, ya ci maki shida. Na sake juyawa, ya sake. Darla kuma ba ta san kuskure ba. Kan ka ce me, allo ya nuna arba'in da babu, kuma da sauran lokaci kafin hutu. Mutanen da suka saba cewa a ƙara, yau sai ga su suna daga hannu suna cewa, "A hankali, yara, ina kuke sauri?" Koci ya kira Neto ya zaunar da shi, ya zuba ƙananan 'yan aji ɗaya. Neto ya cire hular kwano ya zauna, idonsa na kan ƙofar shigowa.

Muka ɗan numfasa. Sai ƙwallo ta suɓuce wa ɗan Ostrey, ta yi tsalle-tsallenta na rashin kunya, ta faɗa hannun Firji. Firji da tun da aka haife shi bai taɓa cin maki ba. Ya dube ta, ya dubi fili babu kowa a gabansa, ya fara gudu, ƙasa na girgiza.

Duk garin Kinnard ya miƙe. "Zauna, Firji! Faɗi!" Uwarsa da kanta ta hau kan benci tana cewa, "Clyde Ray, don Allah ka yi tuntuɓe." Shi kuwa cikin hular kwano ihu kawai yake ji, ya ɗauka kirari ake masa, ya ƙara wuta. Ya tsallake layi ya juyo yana rawa, ya tarar da mutum ɗari biyu sun dafe kai. Darla ta zo bugun ƙari, ta aika ƙwallon can wajen motoci, ta dawo tana duban takalminta kamar shi ya yi laifi.

Arba'in da shida da babu. In aka kai hutu a haka, an tashi.

Ban san lokacin da na fito daga rumfa da murfin tukunya da ludayi ba. Na buga na ce, "Ostrey, ku tashi mana." Benci ya amsa. Fasto yana kiran Ostrey, mai aski yana kiran Ostrey, 'yan badujalarmu suka juya suna busa musu. Mutanen Ostrey da ke ɗaya gefen suka yi tsuru-tsuru, wata mata har ta jawo ɗanta jikinta. Akwai wani siririn yaro a cikinsu mai lamba tara, duk kakar bana bai ga alheri ba. Aka jefa masa ƙwallo, 'yan aji ɗayanmu biyu suka yi karo da juna tsakani da Allah, ya wuce su ya shiga. Mun yi murnar da ba mu yi wa namu ba duk shekara. Na rungume matar da muka yi wata uku ba ma gaisawa.

Rata ta koma arba'in, aka tafi hutu, kuma a karon farko bana za a dawo. Firji ya ajiye hula ya ɗauki ƙatuwar bigilarsa, don shi ma ɗan badujala ne, yana busawa yana hararar uwarsa. Waƙar makaranta suka yi ta maimaitawa har alƙali ya zo ya kore su. Jama'a kuwa suka yi wa rumfata caa, ina zubawa ina leƙen titi.

Aka dawo, babu Eusebio. Yaranmu suka koma tafiyar hawainiya, kowane ɗaure igiyar takalmi sai an yi shawara. Dariyar ta fara ƙarewa a benci. Ni dai ina cewa a raina ko injin ya lalace, ko mai karɓarsa ya yi halinsa.

Sai muka ji tarin tsohuwar akori-kurar Eusebio, fitila ɗaya a mace. Ya shigo da sauri, fari fat kamar kullum, ya ja ya tsaya a bakin waya da ya ga fitilu a kunne, mutane a zaune. Koci bai ko juya ba, ya ce, "Carrasco, sa hularka."

Aka miƙa wa Neto ƙwallo. Firji ya ture mutum biyu, wannan karon bai ba kowa haƙuri ba. Yaron ya bi ta gefen da ubansa yake tsaye, dab da waya, har iskarsa ta ɗaga audugar da ke gaban rigar Eusebio. Ya shiga, rata ta koma arba'in da shida, alƙali ya busa, wasa ya ƙare. Gudu ɗaya tak Eusebio ya gani.

Da mutane suka ragu, ya zo ya jingina da rumfata kamar yadda ya saba. Na karkata masa tukunya ya ga gindinta, ko na lasa babu.

"Ka yi haƙuri, Eusebio, yau ban rage maka komai ba. Bari dai in ba ka labarin farkon."

Ya goge ido da bayan hannu, auduga ta manne masa a kumatu.

"Bar shi, Lorene," ya ce. "Yau ni zan ba ki. Kin ga yadda ya wuce?"