Dokar Famfo Ranar Juma'a

Ƙanena Tasi'u ne ya rubuta manhajar da ke buɗe famfon burtsatsen ƙauyenmu, can bayan Ɗanbatta, kuma daga wayarsa yake kula da ita. Da ma don fitilu da fankar gidanmu ya yi ta, dattawa suka gani suka yaba, aka haɗa ta da famfon. Su da bakinsu suka ce ya sa mata doka: ranar Juma'a, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, kada famfo ya ba da ruwa, don samari su daina fakewa da ɗiban ruwa suna tsere wa huɗuba. Ya ce to.

A shekarar da kwanon gero ya gagari mai iyali, wata Juma'a ana tsakiyar huɗuba, wuta ta kama rumbun maƙwabcinmu Basiru. Abincin mutum goma sha ɗaya ne a ciki. Mu mata muka ruga da bokitai muka murɗa famfo, ko ɗigo babu.

Maza suka fito masallaci a guje. Tasi'u ya zaro waya.

"Baba, minti biyu kawai, in cire dokar!" ya ce wa Basiru.

"Rumbuna na ci da wuta kana latsa waya? Ɗan banza!"

Basiru ya rarumi ƙotar fartanya ya sauke masa a hannu. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashi. Wayar ta faɗi, wani ya take ta ta tarwatse. Daga nan kowa ya sa hannu, mai mari, mai shuri, har da mai rafka masa bokitin ƙarfe a ka. Na faɗa kansa ina ihu, ni ma na sha nawa, a can na baro haƙorina na gaba. Dattawan da suka kafa dokar suna tsaye, ba wanda ya shiga tsakani. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Rumbu ya ƙone ƙurmus. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ya ce yatsu uku na dama ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Ranar Alhamis sai ga sallama a ƙofar gida. Dattawa ne, Basiru na bayansu, kai a ƙasa. Wai gobe Juma'a, suna tsoron wata gobarar, Tasi'u ya taimaka ya cire dokar.

Yana kwance ya ce, "Yaya, ara mini wayarki, zan gwada da hagu."

Ban ba shi ba. Na ɗauki taɓarya na fita amsa sallamar.